Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin kamfanonin rarraba wutar lantarki: ku saurari masu hawa bishiya kafin hadarin bana ya haɗu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, shugabanni da manyan injiniyoyin kamfanonin rarraba wutar lantarki na jihohin Arewa. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da jama'a. Allah ya taya ku riƙo.

Ba ku san fuskata ba, amma kun san aikina. Shekara 19 ke nan ina sare rassan bishiyoyin da suka doshi wayoyin wuta. Na fara tun zamanin PHCN, tsohon kamfanin wutar gwamnati, ina ɗaukar wa manya igiya da tsani, yau ina jan tawagar mutum 9 a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Ina magana ne da yawun abokan sana'ata: masu hawa, masu riƙon igiya a ƙasa, masu jan injin zarto, masu kwashe reshe, da iyalan waɗanda suka fita wannan aiki da safe ba su dawo da ƙafarsu ba. Ba mu da ofis, ba mu da hatimi. Bayan sallar isha'i muka zauna a ƙofar gidan ɗaya daga cikinmu, kowa ya amayar da abin da ke cinsa, aka ce ni in rubuta.

Abin da ya zaunar da mu rasuwar wani yaro ce a watan jiya. Ɗan maƙwabcina ne, ni na fara koya masa ɗaurin igiya, daga baya ya koma wajen wani ɗan kwangila saboda can ana biya kullum. An kai su wata unguwa su rage wata dalbejiya da ta shige cikin layin 11, wato babban layi mai ƙarfin volt dubu 11. Da suka isa, babu wuta a unguwar tun asuba, sai aka ce masa ya hau ya yi sauri kafin a kawo. Ba a kira ɗakin da ke kula da layin ba, ba a karɓi takardar izinin aiki ba, ba a haɗa wayar da ƙasa ba. Yana sama, reshen da ya sara ya kwanta a kan waya, hannunsa na riƙe da gindin reshen, aka maido da wuta. Waɗanda ke ƙasa sun ce ƙara ɗaya suka ji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Ɗan kwangilar ya zo gaisuwa, ya ajiye ambulan, ya tafi. Mun yarda kwana ne ya ƙare, amma ƙarewar kwana ba ta sauke wa mai sakaci alhakinsa. Har ranar da nake wannan rubutu, ba a zo an tambayi ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ga abin yadda aka yi ba.

Daga nan zan fara kukanmu, domin shi ne mafi girma. Ranku ya daɗe, a wajen leburan da aka ɗauko daga bakin kasuwa, "an ɗauke wuta" da "an kashe layi" abu ɗaya ne. Ku kun san ba ɗaya ba ne. Layin da aka ɗauke wa wuta saboda rabon lodi, a kowane lokaci ana iya maido masa da ita, domin mai kula da makunni yana can zaune a tasha, bai san akwai ɗan Adam a kan bishiya ba. Layin da ya faɗi da kansa kuwa, sau da yawa akan sake gwada kunna shi bayan 'yan mintuna a ga ko zai riƙe. Ga kuma janareta da sola da suka cika gidaje da shaguna. Wanda aka haɗa masa nasa ba bisa ƙa'ida ba, wutarsa tana iya komawa ta baya, ta bi taransifoma ta hau layi da ƙarfin da zai kashe mutum, alhali unguwar duk tana cikin duhu. Layi ba ya zama amintacce sai an buɗe makunninsa an kulle, an rataya alamar cewa akwai mutane a kai, an gwada an tabbatar babu wuta, sannan an ɗaure wayoyin da ƙasa a gaban wurin aiki da bayansa. Wannan tsari yana rubuce a ofisoshinku, kuma ma'aikatanku na dindindin sun san shi. Mu da muke shigowa ta hannun 'yan kwangila ne ake turawa ba tare da shi ba, don neman izinin kashe layi yana cin lokaci, ɗan kwangila kuwa yana lissafin bishiya nawa zai gama kafin rana ta faɗi.

Na biyu, ilimin aikin. Jama'a na ganin duk wanda ya iya hawa mangwaro ya iya wannan sana'a, kuma da alama wasu masu ba da kwangilar haka suke gani. Yaron da aka ɗauko jiya bai san ɗanyen itace na ɗaukar wuta ba. Bai san cewa a babban layi ba sai ka taɓa waya ba, in ka matsa kusa wutar kan yi tsalle ta same ka. Bai san wayar da ya gani a miƙe da safe, in zafin bazara ya taso kuma lodi ya yi yawa, takan saki ta sauko ƙasa da inda take ba, ko kuma iska na kaɗa ta gefe. Bai san cewa in waya ta tsinke ta faɗi, ƙasar da ke kewaye da ita ma ta ɗauki wuta, mai gudu da manyan taku shi ne ya fi shiga haɗari ba. A Amurka doka ta hana duk wanda ba a horar da shi kan wannan aiki ba kusantar irin layukanmu na 11 da 33 da ƙasa da ƙafa 10, wato kimanin mita 3, shi da duk abin da ke hannunsa. Mu nan na sha ganin yaro da tsanin ƙarfe da barandami mai jiƙaƙƙiyar ƙota, tsakaninsa da waya bai kai kamu biyu ba. Hular kwano ɗaya ake ba tawaga guda, a sa wa wanda za a ɗauka hoto. Bel ɗin hawa da igiyar kirki da sandar zarto wadda wuta ba ta bi, yawancinmu da kuɗinmu muke nema, wanda bai da hali ya hau da igiyar guga.

Akwai wani labari da ɗana ya karanta mini, wanda tun ranar bai bar raina ba. Ƙa'idar kare lafiyar masu aikin bishiya da Amurka ke amfani da ita, wadda suke kira Z133, asalinta wata uwa ce mai suna Ethel Hugg, a jihar New York. Ɗanta ya rasu yana aikin rage bishiya. Matar nan ta dinga rubuta wa hukumomi wasiƙa, ba ta gaji ba, har aka kafa kwamiti a 1968, aka amince da ƙa'idar a 1972, kuma har yau ana sabunta ta. Da na ji haka sai na tuna da mahaifiyar yaron nan namu, wadda ba ta iya boko ba balle ta rubuta wa kowa. Wannan wasiƙa a madadinta take.

Na uku shi ne lokacin da ake kiranmu. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san iskar da ke zuwa gaban ruwan farko, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, ita ce ke yaye kwano, ta karya reshe, ta kayar da falwaya. Ba baƙuwa ba ce, kowace shekara sai ta zo. Amma tun daga kaka har ƙarshen hunturu, lokacin da ƙasa ta bushe, mota na iya shiga ko'ina, an kwashe amfanin gona, bishiya ba ta santsi, muna zaune babu aiki. Sai hadari ya kayar da layi biyar a dare ɗaya sannan waya ta fara ƙara: ku fito, ku fito. A wannan gaggawar ake ɗaukar duk wanda aka samu, a cikinta ake hawa jiƙaƙƙiyar bishiya, a cikinta ake tsallake izinin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma asarar ba tamu kaɗai ba ce. Tun Afrilun 2024 da hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, rukunin da ake ba wuta mafi yawa, zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa guda, sharaɗin shi ne a ba su aƙalla awa 20 a rana, layin da ya kasa kuma ana iya sauke shi daga rukunin. Reshe guda da ke gogar waya ya isa ya riƙa kayar da fida, wato layin da ke ciyar da yanki guda, sau da yawa a mako. Kowace faɗuwa, mai injin niƙa ya tsaya, mai walda ya zauna, mai ƙanƙara ta yi asara, asibitin unguwa ya koma kan dizal, ku kuma wutar da za ku sayar ta tafi a banza.

Zan ɗan daɗe a kan na huɗu, domin nan ne sana'ar take, kuma nan ne aka fi yi mana rashin fahimta. Yadda ake sarar bishiya a ƙarƙashin layukanmu yanzu, gundule kai ne kawai: a hau, a datse duk abin da ya yi sama, a bar kututture tsaye. Ga mai kallo daga mota, aiki ya yi kyau. Amma duk wanda ya san dalbejiya ya san abin da zai biyo baya. Inda aka datse reshe ɗaya, tofo masu yawa za su fito a lokaci guda, su miƙe sama ɗoɗar da sauri, kai tsaye zuwa wayar da aka ce ana karewa. Tofon nan kuma a fatar itacen suke riƙe, ba su da saiwa a cikinsa, don haka su ne iska ke fara ɓallewa. Bakin da aka datse ya buɗe, ruwa ya shiga, ruɓa ta fara, gara ta samu ƙofa. Bayan shekara biyu ko uku, bishiyar da a da reshenta kawai ke barazana ta zama ruɓaɓɓiya mai shirin faɗuwa gaba ɗayanta. An biya kuɗi an sayi matsalar da ta fi ta farko.

Yadda wani tsohon malamin daji ya koya mini, Allah ya jiƙansa, ba haka ba ne. Ka tsaya a ƙasa tukuna ka karanci bishiyar. Ka nemo reshen da ya nufi waya, ka bi shi har mahaɗarsa da wani reshen da ya nufi wani gefe, a nan za ka cire shi. Ka fara tsaga ta ƙasa, sannan ka yanke ta sama don kada nauyinsa ya yage ɓawon, sannan ka gyara bakin a daidai wuyan reshen ba tare da ka ci jikin uwar ba. Bishiyar za ta rufe ciwon da kanta, ta mai da ƙarfinta ga rassan da suka kauce wa layi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma bishiyar da aka juya wa girma tun tana ƙarama, gyaranta na gaba ɗan kaɗan ne. Wannan aiki ya fi cin lokaci a karon farko, shi ya sa ɗan kwangilar da ake biya da yawan bishiya ba ya son sa.

Akwai kuma wani abu da ba na jin ana kawo muku rahotonsa. A wurare da yawa itacen da aka sare ya zama wani ɓangare na ribar aikin, ana sayar wa gidajen burodi da masu gawayi. To, in dai wanda ke sara shi ne mai cin kuɗin itacen, hannunsa ba zai tsaya inda waya ta buƙata ba. Na ga tsohon maɗaci da ke nesa da layi, wanda ko reshensa ɗaya bai doshi waya ba, an kwantar da shi da sunan kamfanin wuta. Manyan guntaye a loda a mota, ganye da ƙananan rassa a bar su a cikin kwata, ruwan farko ya zo ya rasa hanya ya shiga gidajen mutane.

Wannan ya kawo ni kan masu bishiyar. Mu ne muke shan zagi, wani lokaci har da duka, saboda mu ake gani. Mutum ya tashi da safe ya tarar da baƙi a kan mangwaronsa, a watan da 'ya'yan suka fara nuna, babu wanda ya yi masa sallama. Ɗorawar da matan gida ke jira su samu kalwar daddawa, a sare ta tana ɗauke da 'ya'ya. Tsamiyar da dattawan unguwa ke zama a ƙarƙashinta tun kafin a kafa falwayar, a wayi gari babu inuwa. Na taɓa yini a ofishin 'yan sanda kan wata ɗorawa, alhali umarni aka ba ni, wanda ya ba da umarnin kuma ya kashe wayarsa. Ƙa'idar hukumar NERC ta 2015 ta fayyace filin da ya kamata a bar wa layi: mita 11 ga layin 11 da na 33, mita 30 ga na 132, mita 50 ga na 330. Amma manomi nawa ne aka taɓa karanta wa wannan da harshen da yake ji? Mai unguwa nawa ne ke da ita a rubuce? Sau da yawa ma bishiyar ce ta riga layin zuwa wurin. Wata kuma, kamar giginya, ba ta juyuwa, domin kai ɗaya gare ta, in ka yanke shi ta mutu. A irin wannan sai dai a zauna da mai ita, ko a kauda layin, ko a biya shi a cire. Wannan shawara ta fi ƙarfin mai riƙe da adda, amma shi ake bari da ita.

Ba ma son a ɗauke mu abokan gabar bishiya. 'Yan Arewa ne mu, mun san abin da hamada ke yi. Jihohi 11 ne ke cikin shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Afirka a ƙasar nan, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno, kuma kowace damina gwamnatoci da ƙungiyoyin matasa na fita dashe. Abin baƙin cikin shi ne yadda ake jera dashen dalbejiya da turare a gefen titi, daidai ƙarƙashin waya, saboda nan ne fili. Wanda ya dasa ya yi niyyar alheri. Bayan 'yan shekaru mu za a turo mu gundule abin da ya sha wahalar ban ruwa. Da an ce masa ya matsa da dogayen can gefe, ya sa lalle ko wani gajeren tsiro a ƙarƙashin layin, da kowa ya huta.

Wataƙila wani a cikinku ya ce ga satar waya, ga bashin da ba a biya, ga ƙarancin wutar kanta, maganar reshe ƙaramar magana ce. Ranar 14 ga Agusta 2003, manyan layuka a arewacin jihar Ohio ta Amurka suka yi zafi suka saki, suka taɓa bishiyoyin da aka bari suka yi tsawo. Na'urar gargaɗi ta kamfanin ta samu matsala, abu ya bi layi yana faɗuwa, mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada suka shiga duhu. Kwamitin binciken ƙasashen biyu ya lissafa rashin rage bishiya cikin manyan dalilai. Bayan mako shida, ranar 28 ga Satumba, wuta ta yi tsalle daga wani layi a Suwizalan zuwa bishiya, kusan Italiya gaba ɗaya ta rasa wuta. Amurka ba ta bar abin a rahoto ba: ta yi doka a 2005, daga 2007 kula da bishiyoyin manyan layuka ya zama tilas, da tara mai nauyi ga kamfanin da ya yi sake. Mu a Arewa mun ɗanɗani irin wannan duhu a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, jihohi da dama suka haura mako babu wuta. Ba bishiya ce ta jawo wancan ba, kuma waɗannan layuka na TCN ne, kamfanin da ke riƙe da manyan layukan dakon wuta, ba naku ba. Na kawo shi ne don ya nuna mana yadda yanki guda ke rataye a kan 'yan wayoyi ƙalilan. Haka garuruwa da yawa ke rataye a kan layin 33 guda ɗaya da ya ratsa daji, wanda in ka bi shi da ƙafa za ka tarar kurmi ya haɗiye falwayoyinsa, ga ciyawa ta yi tsawo tana jiran wutar dajin hunturu.

Sai maganar wanda ya ji ciwo. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, domin in tsautsayi ya faɗa wa mutum a bakin aiki a kula da shi ko iyalinsa. A cikin waɗanda muka zauna daren nan, babu wanda ya taɓa ganin sunansa a wata takarda irin wannan. Akwai wanda ya faɗo ya karya ƙugu, yanzu yana sayar da rake a zaune. Akwai wanda wuta ta cinye wa yatsu uku. Da karo-karonmu aka yi jinyarsu. Kamfani ya ce ba ma'aikacinsa ba ne, ɗan kwangila ya ce ɗan ƙwadagon yini ne. Tun da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, wannan aiki ya ƙara komawa hannun 'yan kwangila, wasu ma su sayar wa wasu, har ya zama wanda ke kan bishiya bai san sunan wanda aka ba aikin tun asali ba.

Ɗan nan nawa da na ambata, shi ne ya nuna mini a wayarsa cewa a Amurka masu irin aikinmu suna da ƙungiya, Utility Arborist Association, wadda ta haɗa ma'aikatan kamfanonin wuta da 'yan kwangila da masana bishiya. Tana fitar wa mambobinta mujalla, tana shirya tarukan kare lafiya da na ƙarin ilimi. Ya riƙa fassara mini, ina saurare. Abin da ya fi taɓa ni ba injinansu ba ne, na san ba mu da kuɗinsu. Yadda labari ke zagayawa a tsakaninsu ne: in wani ya tsallake rijiya da baya a wani gari, sai darasin ya isa ga wanda ke wani gari kafin shi ma ya faɗa. Mu kuwa irin mutuwar da ta ɗauki yaron nan ta taɓa ɗaukar wani a wata jiha shekaru kaɗan baya, ta hanya iri ɗaya, amma sai a wajen zaman makoki muka ji. Shi ya sa muka yanke shawarar haɗa kanmu mu yi rajistar ƙungiya, mu riƙa rubuta sunan kowane mamba da horon da ya samu, mu riƙa aika wa juna labarin kowane haɗari da saƙon murya da Hausa, domin da yawanmu ba sa karatun boko. Wannan namu ne, za mu yi. Sauran kuma a hannunku yake.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe. Ku sa a cikin kowace takardar kwangila cewa babu mai hawa bishiyar da ke kusa da layin 11 ko 33 sai da izinin aiki a rubuce, da ma'aikacinku tsaye a wurin wanda ya gwada layin ya ɗaure shi da ƙasa a gaban idonmu. Ku ba shugaban kowace tawaga lambar ɗakin kula da layi, ku kuma ba kowane lebura ikon ya ce ba zai hau ba in bai ga an yi haka ba, ba tare da an kore shi ba. Ɗan kwangilar da aka kama ya tura mutum kan layin da ba a kashe ba, a cire shi daga jerinku, a sanar da sauran kamfanoni.

Muna roƙon horo. Cibiyar NAPTIN da ke horar da ma'aikatan wuta tana da rassa a Arewa. Ku haɗa kai da ita da ma'aikatun gandun daji na jihohi a tsara mana ɗan gajeren kwas da Hausa, wanda ya haɗa sanin wuta, da hawa da igiya, da yankan reshe yadda ya dace, da yadda ake sauko da wanda ya ji ciwo a sama. Wanda ya gama a ba shi katin shaida, kuma kada a karɓi tawagar da babu masu katin a cikinta. Kayan kariya kuma a lissafa su a cikin kuɗin kwangila, a zo wurin aiki a ƙirga su a jikin mutane.

Ku mai da aikin nan na rani. A zagaya kowane fida bayan kaka, a rubuta bishiyoyin da ke kansa da irinsu, a fitar da kuɗin tun Nuwamba, a gama kafin Afrilu, ban da masu 'ya'ya da za a daidaita lokacinsu da masu su. A daina biya da yawan bishiyar da aka sare, a koma biya da tsawon layin da aka gyara da kuma yadda ya zauna lafiya bayan damina. Itacen da aka sare a bar wa mai bishiya, na kan titi a miƙa wa mai unguwa, kada ya shiga aljihun mai sara. Kwashe ganye ya zama sharaɗin biyan kuɗi.

Kafin mu shiga kowace unguwa ko ƙauye, a sanar da hakimi da dagaci da mai unguwa da mako guda, a faɗa a masallaci da coci da gidan rediyo. Inda za a cire bishiya mai amfani gaba ɗaya, jami'inku ya zo da kansa ya yi magana da mai ita, a biya abin da ya dace, a ba shi dashe ya sa a inda ba zai dami layi ba. Ku kuma aika wa hukumomin dashen bishiya taswirar layukanku kafin damina.

Kada ku biya ɗan kwangila sai ya nuna shaidar ya yi wa mutanensa rajista da NSITF. Duk haɗarin da ya faru a kan layinku, ko da ɗan ƙwadagon yini ne, a rubuta shi, a kai wa NERC da NEMSA, hukumar da ke duba ingancin kayan wuta, a bincika, a faɗa mana abin da aka gano domin mu isar wa 'yan'uwanmu. Muna roƙon a fara da na yaron nan. Mutum huɗu ne suka ga abin da idonsu, dukkansu suna nan, kuma sun ce a shirye suke su yi bayani. Mahaifiyarsa tana da ƙannensa uku a gabanta, shi ne mai kawo cefane.

In ƙungiyarmu ta tsaya, muna so kowane kamfani ya ware jami'i guda da za mu riƙa zama da shi sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Ba sai an jira rajista ba ma: duk ranar da kuka sa, za mu turo wakilai biyar, mu zo da jerin wuraren da muka san reshe na kan waya a yanzu haka, layi bayan layi, domin a fara da su kafin iskar bana ta taso.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare na kan aiki.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani shugaban tawagar masu rage bishiya a ƙarƙashin layin wuta, a madadin abokan sana'arsa.